Amsa ga mai son sauke Marsandi 230E ƙasa don ta daina kwanciya a kwana

Malam, tambayarka ita ce: kana da 230E ƙirar W123, tana kwanciya a kwana kamar kwalekwale, bakanike kuma ya ce a yanke zagaye biyu daga kowane sifirin, ko a gasa shi da wutar walda ya zauna. Ka dakatar da shi tukuna. Motar nan an ƙera irinta tsakanin 1980 da 1985, wato mafi ƙuruciyarsu ma ta kai shekara arba'in. Yawancin lilon da kake ji daga roba da shokozoba da suka mutu yake fitowa. In ka sauke ta a haka, lilon yana nan, ka ƙara masa bugun ƙasa.

Fara da awo. Ka ajiye ta a daɓe mai kyau, tanki cike, but babu kaya, iskar tayoyi daidai. Auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi a ƙafa huɗun, ka rubuta. Daga tsakiyar wili, ba daga ƙasa ba, don kada girman taya ya ruɗe ka. Sannan ka auna daga ƙasa zuwa kwanon baƙin mai da kuma salansa. Sau da yawa za ka tarar bayanta ya riga ya zauna da kansa, ko gefen direba ya fi ɗayan sauka da santimita guda. In bambancin hagu da dama ya wuce haka, akwai sifirin da ya gaji ko ya karye a zagayen ƙarshe.

Daga nan a ɗaga ta a bi ƙasanta da ƙarfen banƙara. A gaba: boljoyin na ƙasa, hannun sama, bushin hannun ƙasa, da robar sandar nan da ke riƙe hannun ƙasa kada ya ja baya lokacin birki. A W123 sitabilaiza ta gaba, wato sandar da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kwanciya, tana manne da hannun sama, ita ke taya shi tsayuwa, saboda haka in robobinta sun cinye, ba kwanciya kaɗai za ta yi ba, har sitiyari zai riƙa yawo. A duba tayarod, da bushin hannun da ke tallafe da sandar sitiyari a ɗaya gefen, da ɗan shokozoban sitiyarin. A baya kuwa, manyan robobi biyu da ke riƙe gadon ƙafa da bodi, da robar da ke rataye da difaranshal. Waɗannan ukun su ne ke sa bayan mota ya riƙa wutsil-wutsil in ka saki totur a tsakiyar kwana, kuma ba kasafai ake tuna su ba. Ka canza abin da ya mutu, ka sa shokozoba huɗu sababbi masu gas, Bilstein ko Sachs, ka tuƙa ta mako biyu. Mutane da yawa a nan suke fasa saukewar.

In har yanzu kana so, hanya mafi sauƙi tana saman sifirin. Marsandi na sa faifan roba tsakanin sifirin da bodi, kuma kaurinsa iri-iri ne. A gaba akwai milimita 8, 13, 18 da 23, ana gane su da ɗan ƙullin da ke gefen robar: ƙulli ɗaya shi ne mafi siriri, huɗu mafi kauri. A baya uku ne, 9.5, 14 da 19. Leƙa da tocila ka ƙirga naka. Tunda sifirin yana zaune ne a tsakiyar hannu, ba a bakin taya ba, abin da ka rage a wurinsa yana ƙaruwa kafin ya isa wili. Daga mai ƙulli huɗu zuwa mai ɗaya, milimita 15 ke nan a sifirin, a taya kuwa sai ka ga santimita biyu zuwa biyu da rabi. Ba ka taɓa ƙarfe ba, kuma ranar da ka gaji ka mayar.

In wannan bai ishe ka ba, sai sifirin da aka ƙera gajere tun daga kamfani don wannan ƙirar. Ka sayi huɗun tare, iri ɗaya, kuma ka tabbatar na inji mai silinda huɗu ne. Na 280E ko 300D an yi shi don gaba mai nauyi, in ka sa a 230E hancinta ba zai sauka yadda aka rubuta a kwali ba. Na gwanjo da za a nuna maka a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka, ka jera su a ƙasa ka auna tsawonsu da kaurin ƙarfen kafin ka biya. Fenti ba shaida ba ne.

Maganar wuta a bar ta gaba ɗaya. Ƙarfen sifirin dafaffe ne, zafin walda yana kashe dahuwar. Wurin da aka gasa ya zama lagwani, zai ci gaba da zama wata bayan wata, hagu daban dama daban, ƙarshe ya ɓalle, kuma ba ya sallama kafin ya ɓalle. Yankan dai da ɗan dama-dama in an yi shi da hankali, amma zagaye biyu ya yi yawa ƙwarai. Lissafinsa shi ne: sifirin mai zagaye goma masu aiki, in ka cire ɗaya, taurinsa ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100 kacal, alhali tafiyar da ƙafa ke da ita kafin ta daki robar tsayawa ta ragu da yawa. Mota ta sauka sosai, tauri bai ƙaru ya rama ba, sai ta riƙa dukan roba a kowane rami. In ta daki roba a tsakiyar kwana, tayar ta saki kwalta nan take. Wanda ya dage sai ya yanka, rabin zagaye kawai, da dutsen giranda, ana tsayawa ana barin ƙarfen ya huce, kuma daga bakin da ke zama cikin gurbin hannun ƙasa. Bakin da aka daddale ya yi shafal ba a taɓa shi.

Iyakar da ta dace da hanyoyinmu santimita uku ce, uku da rabi in an matsa. Ka ɗauko awon kwanon baƙin mai da ka rubuta, ka cire abin da za ka sauke, ka ƙara cire abin da mutum huɗu za su danne. In saura bai kai santimita 12 ba, tudun rage gudu na unguwa zai fasa maka kwano wata rana, kuma inji ba ya daɗewa babu mai. In ka wuce santimita huɗu, shokozoba na asali ya yi tsawo, sai ka nemi gajere.

Wajen kwancewa: sifirin gaban W123 dogo ne, a matse yake ƙwarai ko mota na rataye. Matsen ƙugiya na waje da ake amfani da shi a ƙananan motoci yana zamewa. Wanda ya dace shi ne mai faranti biyu da sanda ta tsakiya. Bakaniken da ya ce zai saki jak a hankali sifirin ya fito da kansa, ka ɗauke motarka. Kuma shokozoba shi ke hana hannu faɗuwa ƙasa, don haka kada a kwance shi sai taya na ƙasa ko jak na tallafe da hannun.

Bayan an haɗa, notin bushin duka a ɗaure su ƙarshe ne, mota na tsaye bisa tayoyinta. In an ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ta tsage cikin watanni, motar ma ta ƙi sauka daidai. Ka tuƙa kwana uku ko huɗu sifirin ya zauna, sannan ka je alaimen. Gaba ba matsala: kamba, wato karkatar taya ciki ko waje, ana gyara ta da noti mai cibiya a gefe a hannun ƙasa, kasta kuma, wato karkatar ƙafa gaba ko baya, ta sandar riƙon hannu. Baya ne babu wurin gyara. Ƙirar hannunsa ta sa duk saukar da ka yi, kan taya na ƙara kwantawa ciki. Kaɗan yana taimaka wa riƙo a kwana, in ya yi yawa gefen ciki na taya ya cinye tun sauran na sabo. Shi ya sa bai kamata baya ya sauka fiye da gaba ba. A leƙa robar shaf ɗin baya ma, tsohuwar roba in kusurwarta ta sauya takan tsage ta zubar da giris. A kuma daidaita fitilun gaba.

In taka wagon ce, wannan bayanin bayan bai shafe ka ba. Bayanta na da na'urar ɗaga kai mai aiki da mai, ka sa gajeren sifirin ta sake ɗaga shi. Ta ɗan sandan bawul ɗinta ake rage tsawo.

Taya kuwa tana iya ba ka fiye da abin da saukewar za ta ba ka. 175 R14 mai dogon gefe tana lanƙwasa kafin mota ta juya. 195/65 R15 kusan tsawonsu ɗaya, milimita 634 da 635, don haka mitar gudu ba za ta yi ƙarya ba, kuma taya ce da ake samu ko'ina. Wilin dai ramuka biyar ne bisa da'ira mai faɗin milimita 112 (5x112), amma ka lura da lambar ET da ke bayansa, wadda ke nuna yadda wilin ke shiga ciki. Na W123 ET30 ne. Na V-Boot ya haura 40, yana shigewa ciki har ya goga ƙarfe, na Marsandi ƙirar W126 mai inci 15 da ET25 ya fi dacewa. Kusoshin wili na alminiyam da na ƙarfe tsawonsu ba ɗaya ba ne, wanda ya yi tsawo a baya zai daki kayan hanbirki da ke cikin faifan. A ɗaure su a 110 Nm, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta, ka duba kafin mai shago ya naɗe maka.

Ka turo awon ƙafa huɗun da adadin ƙullin robar da ka gani, sai a lissafa maka faifan da za ka saya.