Ku Tambaye Mu: Wai ƙwallo na haɗa kan ƙasa kuwa?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni mutumin Garwa ne a Kamaru, ina cikin filin Roumde Adjia ranar da Komoros ta lallasa Ghana 3-2 a gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, na ga mutanensu suna kuka suna rungume tuta. Abin ya ɗaure min kai, ƙasar da ko mutum miliyan ɗaya ba su cika ba, ga talauci, wai ƙwallo ce ta sa musu kishin ƙasa haka ko dai ɗoki ne na kwana biyu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya ka yi sa'ar kallo, mu a talabijin muka gani. Kukan nan ba na ƙwallo kaɗai ba ne. Tsibirai uku ne fa ƙasar, kuma tun da suka samu 'yanci daga Faransa a 1975 juyin mulki ne kan juyin mulki, har a 1997 biyu daga cikin tsibiran, Anjuwan da Moheli, suka ce su kam sun ɓalle, da ƙyar aka lallaɓa aka ɗinke. To mutanen da ko zaman gida ɗaya ya so ya gagare su, ka ga ranar da suka kori Ghana mai kofi 4 daga gasa, a zuwansu na farko ma, ai dole hawaye.

Abin mamakin kuma yawancin yaran da suka buga musu a Faransa aka haife su, da yawa 'yan Marsai ne inda 'yan Komoros suka yi zango sosai. Rigar nan ce ta dawo da su gida. Ka tuna wasansu da Kamaru a Yawunde? Gola ɗaya ya ji rauni, biyu korona ta kama, sai ɗan baya Chaker Alhadhur ya sa safar hannu, har da salatif aka gyara lambar rigarsa, tun minti na 7 aka ba kyaftin ɗinsu jan kati, amma duk da haka 2-1 kawai Kamaru ta ci su. Wallahi ni ranar ɗan Komoros na koma, ku yi haƙuri mutanen Kamaru.

Batun ko na kwana biyu ne, eh to, shinkafa ba ta sauko ba don an ci Ghana, masu shiga ƙananan jiragen ruwan nan da suke kira kwasa-kwasa zuwa Mayot ma ba su fasa ba, wasu teku na cinye su. Amma fa kar ka raina zancen tuta a wajensu. Mayot ɗin nan tsibiri na huɗu ne da ya zaɓi zama da Faransa, su kuma har gobe cewa suke nasu ne. A 2015 a wasannin tsibiran Tekun Indiya da aka yi a Reyuniyon, 'yan wasan Mayot suka shigo fili da tutar Faransa, 'yan Komoros ko jira ba su yi ba, suka tattara nasu ya nasu suka fice daga gasar gaba ɗaya.