Tambaya da amsa: ya zan yi in nemo shagon kofi na kirki da wayata a babban birni?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Landan ina digiri na biyu, ina neman inda zan zauna da kwamfutata in yi karatu in sha kofi mai kyau, amma duk sanda na rubuta coffee a Google Maps ba abinda yake fito min sai Costa da Starbucks da Pret, ni kuma kofinsu bai min ba. Ya zan yi in gano ƙananan shaguna masu zaman kansu?

AMSA: Barka kadai 'yar uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ba laifin wayarki bane, manyan kamfanonin nan rassa gare su a kowane lungu, wasu kuma biyan kuɗin talla suke, in kin lura za ki ga an rubuta Sponsored a jikin wasu. Toh ki canza abinda kike rubutawa, ki sa "specialty coffee" ko "coffee roasters" ko "filter coffee" sannan ki haɗa da sunan unguwar da kike. A wurin masu harkar kofi ba a kiran kofi specialty sai masu ɗanɗano sun ba shi maki 80 zuwa sama cikin 100, shi yasa shagunan da suka damu da sana'ar suke son a ga wannan sunan a jikinsu.

Amma abinda nake so ki riƙe shine kar taurari su ruɗe ki. Wani zai ba shago taurari biyar don kek ɗinsu ya masa daɗi, wani don wurin ya yi kyau a hoto, wani kuma ya ba su ɗaya tal don ya jira a layi, duk cikinsu ba wanda ya yi maganar kofin. Ki shiga wurin sharhin mutane ki danna Sort ki zaɓi Newest don ki ga abinda ake faɗa yanzu, saboda shago yana canza hannu, mai haɗa kofin da ake yabo shekara uku baya ƙila ya daɗe da barin wurin. Akwai kuma ɗan akwatin bincike a cikin sharhin, ki rubuta "laptop" ko "wifi" ko "sockets" zai tace miki waɗanda suka yi maganar kaɗai.

Ni dai hotuna na fi yarda da su, musamman wanda kwastomomi suka ɗauka da hannunsu. Ki buɗe hoton kantar shagon ki zuƙo shi da yatsu biyu. In kin ga injin niƙa biyu ko uku a jere, da ɗan sikeli a ƙarƙashin kofi, da jakunkunan 'ya'yan kofi a jikin bango an rubuta ƙasar da aka noma shi, Habasha ko Kenya ko Kolombiya, wani lokaci har da yankin kamar Yirgacheffe ko Sidama, toh kin zo gidan. In kin je da ƙafarki ki ɗaga jakar ki juya bayanta, na kirki suna buga ranar da aka soya shi, don kofi kamar gyaɗa yake, suyar wannan satin ba ɗaya take da wadda ta yi wata shida a kanti ba. Hoton menu ma ki duba shi, nan za ki ga farashi ki kuma ga ko abin cinsu akwai naman alade a ciki tun kafin ki ɓata kuɗin mota.

Akwai manhaja mai suna European Coffee Trip, irin waɗannan shagunan kawai suke sawa a taswirarsu, ki sauke ta. In kina son inda za ki fara, Monmouth Coffee tun 1978 suke a Covent Garden kuma suna da reshe gefen kasuwar Borough, sai dai wuri ne mai cunkoso, na sha-ki-tashi ne, karatu ba zai yiwu ba. Prufrock da ke Leather Lane ya fi fili, cikin waɗanda suka kafa shi akwai Gwilym Davies da ya ci gasar masu haɗa kofi ta duniya a 2009. Ki duba jadawalin Popular times a Google Maps, mai nuna lokutan cunkoso, kafin ki fita, kuma ki sani wasu ƙananan shagunan ba sa son a baje kwamfuta ranar Asabar da Lahadi, da yawa kuma kati kawai suke karɓa. Dan Allah in kin yi awa uku a kujerarsu ki ƙara sayen wani abu, da ɗan cinikin nan suke biyan haya.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne ina zuwa saro kaya Santambul, a Laleli nake sauka. Ina son gahawar Turkiyya ta asali amma ba na jin yarensu kuma ba kullum nake da data ba.

AMSA: Alhaji Allah ya kai lafiya. Tun kana gida ko a wayfai ɗin otal ka buɗe Google Maps, ka danna hotonka da ke sama ta dama, ka shiga Offline maps, ka ja akwatin ya rufe garin ka sauke. GPS ba ruwansa da data, ɗigon shuɗin nan zai ci gaba da nuna inda kake, amma fa in ba intanet hanyar mota kaɗai zai zana maka, banda ta ƙafa da ta jirgin ƙasa, don haka ka ɗauki hoton allon wayar tun kana da sabis. Ka sauke Turkanci a Google Translate shima, sai ka riƙa haska kyamara a kan menu.

Abinda za ka rubuta shine "Türk kahvesi". Daga Laleli ka hau taragon T1 ka sauka Eminönü, gefen kasuwar kayan ƙamshi akwai Kurukahveci Mehmet Efendi, tun 1871 suke sayar da niƙaƙƙiyar gahawa, za ka ga layi a bakin taga, nan ake sayen ta tsaraba. Ta zama a sha kuma ka nemi Mandabatmaz a wani ɗan lungu kusa da titin Istiklal. Tare da sukari ake dafa ta, sai ka faɗa tun farko, "sade" in ba ka so sam, "orta" in tsaka-tsaki. Ka riƙe adafta, soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, kan cajarmu mai ƙafa uku ba zai shiga ba.

TAMBAYA: Wayfai ɗin irin wuraren nan ba matsala in na hau?

AMSA: Karatu da kallon YouTube ba damuwa, yawancin shafuka yanzu suna da kariyar https da ke ɓoye abinda kake aikawa. Inda ake cin mutane shine wani ya buɗe wayfai da suna mai kama da na shagon, shi yasa ka tambayi ma'aikacin ainihin sunan kafin ka hau, in ka gama ka danna Forget kar wayar ta riƙa hawa da kanta. Harkar banki kam ka koma kan datarka. Kuma in za ka shiga banɗaki ka ɗauki waya da kwamfutar ka tafi da su ko da za ka rasa kujerar.