Abin da ke sa Baturen Ingila ya dara a wasan barkwancin Amurka

Wani yaro mai koyon rubuta wasan barkwanci na talabijin ya tambayi maigidansa: "Oga, Amurkawa da Turawan Ingila harshensu ɗaya, amma wani wasan Amurka in ya je Ingila sai a rungume shi, wani kuwa ko murmushi ba a yi masa. Ina matsalar take, kuma me zan duba in ina rubutu?" Ga amsar da ya samu.

To ɗana, fara da awo kafin ka zo kan dariya. Wasan Amurka na rabin awa minti 22 ne kacal in an cire talla, kuma ana yin kashi 22 zuwa 24 a shekara. Mutum ɗaya ba ya iya wannan, shi ya sa ake tara marubuta wajen goma a ɗaki guda. A farkon mako 'yan wasa su karanta rubutun a bakin teburi, duk layin da bai ba da dariya ba a soke shi, a sake wani, a ƙarshen mako a ɗauka da kyamara huɗu a gaban 'yan kallo. A Ingila kuwa mutum ɗaya ko biyu ke rubuta kashi shida, shi ke nan zango ya cika. Fawlty Towers na Ingila, duk sunan da ya yi, kashi 12 ne. Friends na Amurka ya yi 236 daga 1994 zuwa 2004. Abin da Amurkawa suka fi kowa ke nan: yawan raha a shafi. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce dariya uku a kowane shafi, kuma Turawan Ingila na yaba wannan ƙwarewa ko da ba su faɗa ba.

Amma yawa kaɗai ba ya tsallake teku. Ɗauki jan biro ka bi rubutunka, ka raba raharka gida biyu. Akwai wadda ta dogara da sanin wuri: sunan ɗan wasan ƙwallon da Amurkawa kaɗai ke bugawa, ko wani kanti, ko wani gwamna. Mutumin Liverpool a Ingila zai yi tsit, don sai an yi masa bayani, raha kuwa da an yi mata bayani ta mutu. Akwai kuma wadda ta fito daga halin mutum, ita ce mai tafiya ko'ina.

Dubi Frasier, wasan Amurka wanda aka yi daga 1993 zuwa 2004, tashar Channel 4 ta Ingila kuma ta yi shekaru tana maimaita shi da safe. Jarumin wasan, Frasier, likitan ƙwaƙwalwa ne mai ji da kansa a birnin Siyatil, da ƙanensa Niles wanda ya fi shi iyayi, ga ubansu tsohon ɗan sanda ya kafa tsohuwar kujerarsa mai faci a tsakiyar falon ƙawa. Kujerar nan ita ce wasan gaba ɗaya. Ingila ƙasa ce da ake auna mutum da lafazinsa da makarantar da ya yi, don haka mai son hawa matsayin da ba nasa ba, wanda ƙasa ke zame masa a gaban jama'a, sananne ne a wurinsu. Girman kai rawanin tsiya, su kuma ba abin da suke so kamar su ga rawanin ya kwance. Ginin kashin ma a fili yake: ƙaramar ƙarya a minti na uku don kare mutunci, ta biyu don rufe ta farko, ta uku ta jawo wani ciki, sai a tara kowa a ɗaki ɗaya a minti na 18 asiri ya tonu. In ka tona da wuri, ba ka da abin cike sauran lokacin. In ƙaryar farko ta yi girma, mai kallo ya daina tausayin mutumin, dariyar ta koma haushi.

Inda marubutan Amurka ke zubar da Baturen Ingila shi ne minti biyun ƙarshe, lokacin da ake rungumar juna, kiɗa ya yi sanyi, kowa ya koyi darasi. Masu yin Seinfeld, wani wasan Amurka, sun haramta wa kansu wannan, ba runguma ba darasi. Sai dai BBC ta riƙa saka shi can cikin dare, bai samu jama'a kamar Friends ba, ka ga lokacin nunawa ma na kashe wasa mai kyau. Ka kwatanta wasan The Office guda biyu. Na Ingila, 2001, kashi 14, an bar David Brent, manajan ofishin, cikin kunyarsa, kyamara na tsaye a kansa har mai kallo ya rasa inda zai sa ido. Na Amurka ya fara a 2005 yana kwaikwayon wancan, daga zango na biyu aka sassauta manajansu Michael Scott ya zama wawa mai kyakkyawar zuciya, don ba mai jure mutum mai ban haushi har sama da kashi 100.

Dariyar da ake naɗa a liƙa ma a kula da ita. BBC ta nuna wasan Amurka M*A*S*H ba tare da ita ba, wasan ya fito da ɗacinsa, kuma haka suka so shi.

Masu barkwancin da ke tsayuwa su kaɗai da makirufo, su ma hanyar ɗaya ce. Ba'amurke Bill Hicks ya cika zauren Dominion a Landan a 1992, lokacin da a gida bai kai haka ba, don yana yi wa ƙasarsa gugar zana ba sani ba sabo. Rich Hall, shi ma Ba'amurke, ya ci kyautar barkwanci ta Perrier a bikin Edinbara a 2000. Ba'amurken da ya fara da yi wa kansa ba'a, an ba shi izinin taɓa masu masaukinsa. Wanda ya shigo da kirarin kansa, shiru zai tarar.

Yanzu koma kan shafinka. Kowane layi, kai kalmar da ke ɗauke da dariyar can ƙarshen jimla, kada ka bar komai a bayanta, don dariya za ta danne shi. Sannan ka rufe sunayen 'yan wasan da hannu ka karanta. Layin da ba ka gane mai faɗarsa ba, soke shi ka kawo mini wani gobe.