Amsa kan maganar "Ubangiji makiyayina ne"

To salama 'yan'uwa, ku yi haƙuri zan ɗan ja, ba zan iya taifin ba. Ƙanwata na ji tambayarki, wai in Ubangiji makiyayinmu ne kuma Zabura 23 ta ce ba zan rasa kome ba, don me mai bi yake rasa. Amma ni na san ba nan tambayar ta tsaya ba, wani ne ya ce miki rashin da kike ciki ƙarancin bangaskiya ne, shi ne yake cin ranki. Ai mun san irin maganar.

Duba, wanda ya ce ba zan rasa kome ba ɗin nan Dawuda ne fa. Dawudan da ya yi ta gudun Saul yana kwana a kogo, har yunwa ta kai shi wurin firist Ahimelek a Nob yana roƙon gurasa, aka rasa abin ba shi sai keɓaɓɓiyar gurasa ta wuri mai tsarki, yana nan a 1 Sama'ila 21. To shi ma bangaskiyarsa ce ta gaza? Haba. Kuma mutane aya ta ɗaya kawai suke haddacewa su rufe littafi. Ki sauka aya ta 4, kwarin duhun mutuwa yana cikin zaburar, makiyayin bai kauce masa ba, ta ciki aka bi. Abin da yake taɓa ni ma, daga farko "shi" yake ta cewa, yana kwantar da ni, yana bi da ni, amma da aka shiga duhun sai bakinsa ya juya ya ce kana tare da ni, sandanka da kerenka. Kere kuwa ba kayan ado ba ne, na dukan kyarkeci ne. Dawuda ya san aikin, shi ya gaya wa Saul yakan bi zaki ko beyar ya ƙwato ɗan rago daga bakinsa.

Yanzu masu gaya miki wancan maganar, su je su karanta Irmiya 34. A'a, Ezekiyel 34 nake nufi, na Irmiya sura 23 ce, ita ma kan makiyaya take amma ta Ezekiyel ta fi zafi. Allah ya ce wa makiyayan Isra'ila kuna sa ulu, kuna yanka masu ƙiba, amma marar ƙarfi ba ku ƙarfafa ta ba, marar lafiya ba ku yi jinyarta ba, wadda ta karye ba ku ɗaure ta ba, wadda ta ɓata ba ku neme ta ba. Sai ya ce to ni da kaina zan nemi tumakina.

Ni wannan surar ba labari aka ba ni ba. Lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta wata huɗu, ba zan kama suna ba, wani shugaba da a ce kwana biyu ba a ga baikona ba sai ya kira, ko sau ɗaya bai leƙo ba. Ina zaune a bakin gado ina jiƙa tsumma ina goga mata a leɓe don ba ta iya haɗiye ruwa, wayata a gefe, duk ƙarar da ta yi sai in ce shi ne. Ranar da saƙonsa ya shigo kuwa tunatarwar gudummawar gini ce. Na yafe, Allah ya sani na yafe, amma dai wata huɗu fa. Yesu ya faɗa a Yahaya 10, ɗan ƙodago in ya hango kyarkeci gudu yake yi don tumakin ba nasa ba ne, makiyayi mai kyau shi ne yake ba da ransa. Kuma sau uku ya ce wa Bitrus ya yi kiwon tumakinsa, kiwo ya ce, bai ce tatsa ba.

Ko da yake kada in ɗora wa shugabanni kaɗai, a Ezekiyel ɗin nan Allah ya juyo kan tumakin ma, wai masu ƙiba su sha ruwa mai kyau sannan su dama sauran da ƙafa, su tunkuɗe raunana da ƙaho. Mu ke nan. Da zan shiga maganar tunkiya ɗaya cikin ɗari ta Luka 15 amma bari kawai, cajina ya yi ja. Ƙanwata ki kira ni da yamma, akwai maganar da ba ta guruf ba ce.