Tambaya da Amsa: Ma'aikatan Ɗakin Karatu na Jami'a da Mutanen Gari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a cikin birnin Katsina. Na ji labarin an yi wa wasu ma'aikatan ɗakin karatu na jami'a ƙarin girma bisa bincike da rubuce-rubucensu, abin ya ɗaure mini kai domin na ɗauka aikinsu jera littattafai ne kawai. Mene ne ainihin aikinsu, kuma mutumin gari irina, wanda ya gaji tsofaffin littattafan hannu daga kakansa, zai amfana da su? (Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. A tsarin jami'o'in Najeriya, ƙwararrun ma'aikatan ɗakin karatu suna cikin sahun malamai, saboda haka ba a ɗaga su sai sun yi bincike sun wallafa, kuma shugabansu yana cikin manyan jami'an da ke tafiyar da jami'a tare da shugabanta da magatakarda da ma'aji. Sana'a ce mai ƙungiya tun 1962, da hukumar yi wa masu ita rajista wadda dokar 1995 ta kafa. Su ne ke zaɓen littattafan da za a saya, su ba kowanne lambar da za a same shi da ita, su koya wa sababbin ɗalibai hanyar neman mujallun ilimi a intanet. Wanda ka gani yana mayar da littafi kan kanta galibi mataimaki ne.

Game da mutanen gari kuwa, ƙofar ba a rufe take ba, amma akwai ƙa'ida. Ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ka nufa, wadda aka kafa a 2006, ko Al-Qalam, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, abin da aka saba shi ne baƙo ya zo da takardar gabatarwa daga wurin aikinsa zuwa ga shugaban ɗakin, a ba shi izinin karatu a ciki ba tare da aron littafi zuwa gida ba. A ganina jami'o'inmu ba sa tallata wannan dama yadda ya kamata, shi ya sa malaman makarantu da yawa ba su san da ita ba.

Littattafan kakanka su ne suka fi muhimmanci a tambayar. Garin da ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17 ba ya rasa rubutun Larabci da na ajami a gidajen malamai, sai dai gara da laimar damina suna cinye shi a ɓoye. Kafin ka je ko'ina, ka raba su da ƙasa da bangon da ke tsatsafo, ka bar warƙoƙin a jerinsu cikin gafaka, kada ka liƙa salatif a inda ya yage, kada kuma ka kai su a manne su cikin leda da zafi kamar takardar shaida, domin abin da aka manne ba ya ɓanɓaruwa sai da tawadarsa.

Daga nan sai ka tambayi ma'aikacin sashen adana takardun tarihi ko za su ɗauki hoton kowane shafi su ba ka kwafi. Idan ba su da na'urar, za su iya haɗa ka da Gidan Arewa da ke Kaduna, wato cibiyar bincike da adana takardun tarihi, wanda ya daɗe yana wannan aiki. Ka nemi yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace cewa aro ka bayar ba kyauta ba, ta ambaci adadin warƙoƙin da ranar da za a dawo maka da su.