Amsa: Me mutane ke gani a fim ɗin Anchorman?

Ɗan'uwa ka ce ka kalli Anchorman ka kasa gane abin dariya a ciki, gaskiya ba kai kaɗai ba ne, fim ɗin ya raba kan 'yan kallo tun fitowarsa a 2004. Ni dai ina cikin masu sonsa sosai.

Da gangan aka yi shirmen fa. Will Ferrell ya fito a Ron Burgundy, mai karanta labarai a wata tashar talabijin ta San Diego a shekarun 1970, mutum mai ji da kansa wanda duk abin da aka rubuta masa a allo sai ya karanta ko da zagi ne, sai aka kawo mace tashar, Veronica, shi da abokansa suka tada hankali wai mace ba za ta karanta labarai ba. Haka mata suka sha fama a gidajen labaran Amurka a lokacin, kuma nan fim ɗin ya fi burge ni don mazan ake wa dariya ba ita ba.

Masu ƙinsa suna cewa labarin ba kai ba gindi kuma akwai batsa, wannan kam gaskiya ne, kar ka kunna gaban yara. Wurin da ma'aikatan tashoshi suka haɗu suna faɗa da makamai har ɗan wasa Steve Carell ya jefi wani da mashi, wasu nan suke kashe fim ɗin, ni nan nake maimaitawa. Ka sake gwadawa da abokai. Na biyun na 2013 bai kai na farko ba a ganina.