Talakan fim ɗin matasa yana da mota

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya me ya sa a finafinan matasa na Amurka, irin waɗanda ake nuna yara suna ƙarasa sakandare suna shirin zama manya, kusan kullum sai an haɗa 'yar talaka da ɗan mai kuɗi, kuma ko haka rayuwar take a can ko shirin fim ne kawai. Na daɗe ina kallon irinsu, tun zamanin kaset, kuma yanzu da yarana suka tasa nakan sake kallon wasu tare da su. Abin da na fahimta shi ne, bambancin da suke nunawa yana nan da gaske. Matsalar tana wajen yadda suke rufe labarin.

Dalilin da ya sa makaranta ta zama filin wannan rikici ba ɓoyayye ba ne. A Amurka, galibi unguwar da iyaye suke zaune ita ke yanke makarantar gwamnatin da yaro zai shiga, kuma kaso mai yawa na kuɗin makarantun daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Unguwa mai tsadar gidaje, makaranta mai wadata. Shi ya sa za ki ga adireshi ya zama abin kunya ko abin taƙama a bakin ɗan shekara 16. A mafi yawan jihohin ma a wannan shekarar ake fara ba da lasisin tuƙi, don haka tun daga bakin ƙofar makaranta an raba aji: wannan ya zo da motarsa, wancan ya sauko daga bas.

Ki duba The Breakfast Club na John Hughes, wanda ya fito a 1985. Ɗalibai biyar aka tsare a ɗakin karatu ranar Asabar a matsayin horo. Ba wanda ya buɗe baki ya ce ubansa ya fi na wani, amma kafin su zauna kin riga kin san komai. Claire ubanta ne ya sauke ta a BMW, Bender kuwa da ƙafa ya zo. Da lokacin cin abinci ya yi, ita ta fito da sushi, abincin Jafanawa, ta jera shi a kan ɗan katako da tsinken ci, shi ko gutsuren biredi bai zo da shi ba, sai bin abincin wasu yake da ido yana zolaya. Daga baya ya naɗe hannun riga ya nuna musu tabon da ubansa ya yi masa da wutar taba. Wurin da na fi girmama fim ɗin shi ne inda Brian ya tambaye su ko ranar Litinin za su ci gaba da abota, Claire ta ce gaskiya ba ta jin hakan zai yiwu, don ƙawayenta ba za su bari ba. Nan ya kamata a tsaya. Amma sai aka ƙarasa da ta cire ɗan kunnen lu'ulu'u ta damƙa wa Bender, kowa ya tafi gida da daɗin rai. Ɗan kunne ɗaya ba zai canza gidan da yaron zai koma a daren ba.

Fim ɗin da ya fi dacewa da tambayarki shi ne Pretty in Pink na 1986, wanda Hughes ya rubuta, Howard Deutch ya ba da umarni. Andie uwarta ta tafi ta bar su, ubanta ba shi da tsayayyen aiki, ita kuma bayan an tashi makaranta tana aiki a shagon sayar da faifan waƙa. Da ɗan masu kuɗin nan Blane ya ce zai kai ta gida bayan fitarsu ta farko, sai ta yi ta kewaye-kewaye har ta fashe ta ce ba ta son ya ga inda take zaune. Duk wanda ya taɓa cewa a sauke shi a bakin titi don kada a ga ƙofar gidansu ya san wannan wurin ba ƙirƙira ba ce. Rigar bikin rawar kammala sakandare ma da hannunta ta ɗinka, daga tsofaffin riguna biyu.

To ga abin da ya faru a bayan fage. A yadda aka fara ɗaukar fim ɗin, Andie tana ƙarewa ne da Duckie, abokinta talaka irinta, wato ƙwarya ta bi ƙwarya. Da aka nuna wa 'yan kallon gwaji, sai suka yi ta ihun ƙin amincewa. Dole aka dawo aka sake ɗaukar ƙarshen ta koma wa ɗan mai kuɗi, har sai da aka sa wa Andrew McCarthy, wanda ya fito a matsayin Blane, gashin kanti, don ya riga ya aske kansa saboda wani wasan daɓe. Idan kika kalli wurin da kyau za ki ga gashin bai zauna ba. Kin ga ke nan ba marubuci kaɗai ke da laifi ba. Mu 'yan kallo muna son a ce mana kuɗi ba komai ba ne, amma muna son yarinyar ta samu mai kuɗin. A shekarar da ta biyo, 1987, Hughes da Deutch suka fitar da Some Kind of Wonderful, inda yaron talaka ya bar wadda yake hange ya zaɓi ƙawarsa ta tun farko, sai dai bai yi farin jinin na farkon ba.

Wani abin da yarana suka riga ni faɗa: ita wannan Andie da ake kira talaka tana da motarta, tana da ɗakinta ita kaɗai. Talaucin irin waɗannan finafinan na kwatance ne, wato ba ki da abin da na kusa da ke yake da shi. Ban raina shi ba, don ga yarinya 'yar shekara 17 wannan ma ciwo ne. Amma yunwa da korar mai gidan haya ba su cika shigowa ba, saboda ba sa warwaruwa a daren biki.

Ni waɗanda suka fi damuna ma ba masu haɗa talaka da mai kuɗi ba ne. Su waɗannan aƙalla sun yarda akwai bambanci. Akwai tarin finafinai, musamman na kwanan nan da ake sakawa a Netflix da makamantansa, inda ake gabatar da yarinyar a matsayin 'yar gidan talakawa-talakawa, alhali gidansu bene ne, kicin ɗinsu ya kai falo, kuma ba a taɓa jin wani ya tambayi nawa ne kuɗin jami'a ba. Clueless na 1995 bai yi wannan munafuncin ba, ya fito fili ya ce a Beverly Hills muke, kuma yana yi wa masu kuɗin dariya. Wanda ke shiga kan yaro ba tare da ya sani ba shi ne wanda ya mayar da wadata kamar ita ce rayuwar kowa.

In kina son wanda ya ɗauki maganar kuɗi da gaske, nemi Lady Bird na Greta Gerwig, 2017. A Sakramento ta jihar Kalifoniya aka kafa labarin, a shekarar karatu ta 2002 zuwa 2003. Uban ya rasa aiki, uwar ma'aikaciyar jinya ce mai haɗa aikin dare da rana. Yarinyar ta yi wa wata 'yar masu kuɗi ƙaryar cewa wani katafaren shuɗin gida ne nasu, asiri ya tonu ranar da ƙawar ta je gidan nemanta. Uwa da 'ya suna da wata al'ada ta shiga gidajen da aka sa a kasuwa su zagaya ɗakuna, suna sane ba za su iya saya ba. Akwai wurin da suka yi faɗa, yarinyar ta ɗauko takarda da biro ta ce uwar ta faɗa mata adadin abin da ta kashe wajen renonta, za ta biya in ta yi kuɗi don kada ta sake yi mata magana. Uwar ta ce ba ta jin za ta samu aikin da zai biya wannan kuɗin. A ƙarshe ta tafi jami'a a New York, amma fim ɗin bai ɓoye cewa sai da iyayen suka sake cin bashi a kan gidansu ba.

Na Ingila kuwa ba su da wannan lallashin. Kes na Ken Loach, 1969, labarin Billy ne ɗan shekara 15 a garin Barnsley mai ramukan haƙar kwal. Gado ɗaya yake kwana da yayansa, da asuba yana rabon jarida kafin makaranta, kuma jami'in da ke ba ɗalibai shawarar aiki bai ga abin da ya dace da shi ba sai aikin ƙarfi, har da maganar shiga rami, duk da yaron ya koya wa kansa horar da shaho daga littafi. Idan za ki kalla da yara ki fara kallonsa ke kaɗai, don ƙarshensa yana da nauyi, kuma ki kunna rubutun ƙasa, Turancin mutanen yankin ko Amurkawa wahalar ji yake ba su.